Nawa Ne Jarfa?

Ƙanwata mai lalle ce a Unguwar Dosa. Bara ta matsa min in yi mata ɗan shafi a intanet inda mata za su riƙa kama rana su biya wani abu kafin ta je, saboda ta gaji da amsa saƙon WhatsApp har ƙarfe ɗayan dare. Ga wanda rubuta manhaja ce sana'arsa, wannan aikin yini biyu ne. Na jera gurabe: suna, unguwa, rana, irin zanen, hannu kaɗai ko har da ƙafa. Da na iso gurbin farashi sai na kira ta.

"Nawa zan sa?"

"Wa za a yi wa?"

"Ko ma wace ce."

"Haba Yaya, ai babu ko ma wace ce. Ka faɗa min wace ce, in faɗa maka nawa ne."

Na ce mata kwamfuta ba ta san 'yar gidan wane ba, lamba take so. Ta ce to kwamfutar ce ke da matsala. Mun fi wata guda muna wannan ja-in-ja, kuma a cikinsa ne na gane abin da take karewa ya girme ta, ya girmi zanen fulawar da take yi, ya ma girmi garin Kaduna.

A 'yan shekarun nan wasu masu zanen jiki da allura a biranen Amurka da Turai sun fito da wani tsari da suke alfahari da shi. Maimakon farashi ɗaya sai su rubuta hawa uku ko huɗu: na mai ƙaramin ƙarfi, na matsakaici, na mai hali. Kowa ya dubi aljihunsa ya zaɓa, abin da na sama ya ƙara ya toshe giɓin na ƙasa. Mu nan arewacin kogin Kaduna da wuya ka ga allon shagon irin wannan zane, a Kawo ne ko Tudun Wada ko Badarawa, kuma kowa ya san dalili. Amma mun yi namu zanen da ba ya gogewa, mun yi masu yin sa, kuma an daɗe ana biyansu daidai ƙarfin mai biya ba tare da an rubuta ko hawa ɗaya ba.

Kakata ta wajen uwa, Allah ya jiƙanta, tana da zane iri biyu a fuska, kuma ba ta yarda a haɗa su. Akwai tsagar gado, irin ta gidan ubanta, wadda wanzami ya yi mata tana 'yar kwana bakwai. Akwai kuma jarfa, 'yan layuka masu duhu a gefen ido, da ta sa aka yi mata tana budurwa don kwalliya. Ta farko ba a shawarce ta ba, ta biyu kuwa ita ta kai kanta. Yadda ake jarfa bai da nisa da abin da mai allura ke yi: a tsattsaga fata sama-sama da bakin aska, a goga baƙin tukunya ko garin gawayi, in ya warke launin ya zauna har kabari. Akwai zafi, shi ya sa ake cewa wanzami ba ya son jarfa.

Hausa ta tara sunaye a wannan fage: zube, kalangu, bille, shasshawa, fashin goshi, 'yar baka. Da yawansu suna cikin ƙamus ɗin Bargery na 1934, kuma tun kafin shi wani jami'in mulkin mallaka, A.J.N. Tremearne, ya zana fuskoki masu yawa da tsagarsu a littafinsa na 1913 kan al'adun Hausawa. Turawa siffar ce ta dame su, don ita ce katin shaidar wancan zamani. Ka ga shida a kunci ɗaya bakwai a ɗayan ka san Bagobiri ne, ka ga dogayen layuka sun sauko ka ce Babarbare. Ni kuwa kuɗin ne ya dame ni, tun ma kafin rigimar ƙanwata. Ina sakandare na taɓa tambayar tsohuwar.

"Hajiya, nawa aka biya aka yi miki wannan?"

Ta nuna jarfar ta ce wannan 'yan kwabbai ne daga ribar talla, ranar kasuwa, kuma sai da ta yi ciniki. Na nuna tsagar. Ta dube ni kamar na yi saɓo.

"Kai yaro, ana ciniki da wanzamin gida ne?"

Ke nan aska ɗaya, hannu ɗaya, amma farashi iri biyu. Baƙuwar budurwa a kasuwa ciniki ake yi da ita, a sallama, kowa ya kama gabansa. Gidan da ka gada kuwa ba ka buɗa baki.

Wanzamin gida gadonsa ake yi kamar gona. Ubansa ya yi wa ubanka aski, shi zai yi maka, ɗansa ya yi wa ɗanka. Shi ke zagayowa da zabirarsa ya aske mazan gida, shi ke ƙaho, shi ke kaciya, shi ke cire belu, shi ke askin suna da tsaga. Ladansa ba ya zuwa a dunƙule. Da kaka a kai masa damin gero ko na dawa. Da salla a yi masa barka da salla, wani gidan har da riga. Ranar suna yana da kasonsa a ragon, ga goro, ga hatsi, ga kuma ƙwaryar da ake ajiyewa kusa da shi yana aski, gwaggwanni da ƙawayen mai jego suna jefa abin da ya samu. A lura da wannan ƙwarya. Abin da ke taruwa a cikinta ba ƙarfin uban jariri kaɗai yake aunawa ba, har da na danginsa da jama'arsa. Talaka mai jama'a kan fi attajiri marowaci cika ta.

Kada mai karatu ya ɗauka rashin farashi rashin lissafi ne. Wanda ya karanta labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a Giwa ta ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950 aka buga a 1954, zai ga yadda tsohuwar ke tuna wa ya ba da me a bukukuwan da suka shige da shekaru masu yawa. Al'adar biki tsakanin mata, in kawo miki ki ninka min, lissafi ce tsantsa. Mutanen nan suna ƙirge da komai, a ka suke ajiye shi, kuma a gaban jama'a ake bayarwa. Mai hali ba zai iya tsuke hannu ba, don ga maroƙa nan suna shelar abin da ya bayar. Marar hali kuma ba sai ya yi bayani ba, wanzami ya riga ya ga rumbunsa, ya san damina ba ta yi masa kyau ba.

A ganina addini ma ya ba wannan ɗabi'a gindin zama. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaure sun ce ijara ba ta inganta sai an san ladan, amma sana'ar ƙaho tana da nata tarihi. Ya tabbata a hadisi cewa wani bawa mai suna Abu Ɗaiba ya yi wa Manzon Allah (SAW) ƙaho, ya sa aka ba shi ladansa da abinci, ya kuma yi magana da iyayengijinsa suka rage masa abin da yake biyansu. Akwai kuma wani hadisin da ya aibata kuɗin mai ƙaho, har wasu malamai suka haɗa biyun da cewa abin ƙi shi ne ya yanka farashi tun kafin aiki, amma karɓar abin da aka ba shi babu laifi. Ga kuma ƙa'idar da ta zo a Suratul Baƙara aya ta 236 da Suratuɗ Ɗalaƙ aya ta 7, cewa mawadaci ya bayar gwargwadon wadatarsa, wanda aka ƙuntata wa gwargwadon abin da yake da shi. Ayoyin kan haƙƙin iyali suka sauka, amma duk wanda ya tashi yana jin su ba zai yi mamakin farashin da ke duba aljihu ba.

Ba mu muka fara ba. A dokokin Hammurabi, sarkin Babila, kimanin shekara 1750 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), an rubuta cewa likitan da ya yi wa babban mutum fiɗa da wuƙar tagulla ya warke, ladansa shekel 10 na azurfa. In talaka ne shekel 5, in bawa ne ubangidansa ya biya 2. Kalmar da suka kira wannan talaka da ita, mushkenum, ita ce ta bi ta Larabci ta iso mana a matsayin miskini. Ƙasa kaɗan a jikin dutsen akwai dokar wanzami: wanda ya kawar da alamar bauta daga jikin bawa ba da izinin ubangidansa ba, a yanke masa hannu. Na kawo wannan ne don mu ma askarmu ta yi irin wannan aiki. Bayin sarki a Kano ana gane su da tsagar uku-uku a gefen baki. Kuma zabirar da ke ɗauke da askar suna ita ke ɗauke da wadda aka yi wa mata yankan gishiri da ita, wanda ya jefa da yawa cikin lalurar yoyon fitsari. Yabon tsarin biya daban, yabon duk abin da aka biya aka yi daban.

Masana tattalin arziki ma ba su cika yarda cewa tausayi ne ke haifar da irin wannan farashi ba. A.C. Pigou, a littafinsa na 1920, ya rarraba hanyoyin da mai sayarwa ke bi ya karɓi kuɗi daban-daban a kan abu ɗaya. A 1958 Reuben Kessel ya dubi likitocin Amurka, waɗanda a lokacin suke cajin mai kuɗi da yawa talaka kaɗan suna cewa taimako ne, ya ce a'a, babakere ne: suna tatsar kowa iyakar abin da zai iya fitarwa, kuma ƙungiyarsu ta hana wani ya karya farashi. Abu uku ake buƙata kafin haka ta yiwu. Mai sayarwa ya san ƙarfin mai saye, mai saye ba shi da wani wurin zuwa cikin sauƙi, sannan ba zai iya sayar wa wani abin da ya saya ba. Wanzamin gida ya cika duka ukun, na ƙarshen ma har da rara, tunda babu wanda zai sari tsaga da araha a Tudun Wada ya kai Unguwar Rimi ya ci riba.

To, tatsa ce ko tausayi? Na daɗe ina juya wannan, kuma inda na tsaya shi ne a duba wa ke furta adadin, kuma yaushe. Likitan Kessel shi ke dubanka ya rubuta takardar kuɗi. A gidan suna maigida ne ke yanke abin da zai bayar, bayan an gama aiki. Wanzami na iya ɓata rai, yana iya kai ƙorafi majalisa, yana iya fara zuwa gidan attajiri da asuba ya bar naka sai hantsi, kuma suna yin hakan. Abin da ba zai iya ba shi ne ya ƙi zuwa. Jaririn da aka haifa a gidan da ya gada sai ya aske shi, ko da goro biyu ne ladan.

Duk wannan tsari ne na garuruwan da kowa ya san kakan kowa. Kaduna kuwa ba haka aka haife ta ba.

Ƙauyukan Gbagyi ne a gaɓar kogin lokacin da Lugard ya zaɓi wurin, saboda ruwa da kuma layin dogon da ya riga ya ratsa zuwa Kano. A 1913 aka fara kawo sojoji, zuwa 1917 hedikwatar Arewa ta baro Zungeru ta dawo nan. A 1927 layin dogon gabas daga Fatakwal ya zo ya haɗe. Waɗanda suka cika garin baƙi ne: soja, leburan reluwe, akawuna daga Ikko da Saliyo da Gwalkwas, kuku da boyi, fatake Hausawa da Nufawa da Barebari da Yarabawa. Babu ganuwa, babu fadar sarki mai tsohon tarihi da Sarkin Askanta. Ƙasar Zazzau ce, amma a 1956 ma sai aka cire garin daga hannun En'e ta Zariya aka mai da shi yankin babban birni mai cin gashin kansa. Wanzamin da ya sauka a Tudun Wada ko Unguwar Shanu da zabirarsa bai gaji gida ko ɗaya ba. Dole ya iya tsagar ƙasashe da yawa, don maƙwabcinsa na dama Bakatsine ne na hagu Bazabarme. Kuma babu rumbun da zai leƙa.

Sai dai gwamnati, ba da niyya ba, ta rubuta masa abin da rumbu ke gaya masa a da. Kaduna garin albashi ce, albashi kuma hawa-hawa yake kuma ba sirri ba ne. Kowa ya san masinja bai kai akawu ba, kofur bai kai saje ba, kuma kowa ya san ranar da ake biya. Har zaman garin an tsara shi bisa muƙami: unguwar Turawa, wadda daga baya manyan ma'aikata da ministocin Sardauna suka gada, sai barikin soja, sai gidajen akawuna, sai unguwannin leburori da 'yan kasuwa. Ka faɗi ma'aikatarka da unguwarka, an gama auna ka. Dami ya koma sule da sisi da taro, kaka ta koma ƙarshen wata. Amma ka'idar ta tsira: ba a yanka farashi, maigida ke bayarwa, jama'a na kallo.

Kakata ta zo Kaduna amarya kafin samun 'yancin kai, mijinta masinja ne a wata ma'aikatar gwamnatin Arewa. Ta ce wani wanzami Bakano ne ya riƙe gidajen layinsu, kuma a 'yan shekaru ya zama kamar an gaje shi. A 27 ga Mayu 1967 Gowon ya raba ƙasar jihohi 12, shida a Arewa, shekarar da ta biyo baya aka shiga rarraba ma'aikatan tsohuwar gwamnati zuwa sababbin hedikwatoci. Manya suka kwashe iyali suka nufi Kano da Sakkwato da Maiduguri da Jos da Ilori. Kakana yana cikin ƙananan da suka yi watanni ba su san matsayinsu ba. A cikin wannan hali aka haifi mahaifiyata. Babu rago. Wanzamin ya zo da sassafe, ya yi aski, ya yi 'yar tsaga ɗaya a kunci, aka ba shi goro da abin da ya taru a ƙwarya, wanda ta ce ko kunya ba zai rufe ba. Ya yi addu'a ya tafi. Da al'amura suka daidaita kakana ya ɗinka masa riga ya kai masa har gida. Babu wanda ya kira ta bashi, babu kuma wanda bai san bashi ba ce.

Wannan 'yar tsaga ita ce ta ƙarshe a zuriyarmu.

Abubuwan da suka kashe tsaga da jarfa sanannu ne, ba sai na daɗe a kansu ba. Haihuwa ta koma asibiti. 'Yan makaranta suka riƙa tsokanar mai zube. Wa'azi ya yi ƙarfi, kuma Kaduna ce cibiyarsa: karatun Sheikh Abubakar Gumi a masallacin Sultan Bello da rediyo ke kaiwa ko'ina, da ƙungiyar Izala da aka kafa a Jos a 1978, sun sa mutane sake duba al'adun suna da na biki, hadisin da ya la'anci mai yin jarfa da wadda ake yi wa ya shiga bakin kowa. A 1986 aka ba da rahoton cutar ƙanjamau ta farko a Najeriya, aska ɗaya ga mutum goma ta zama abin tsoro. A 2003 Dokar 'Yancin Yara ta tarayya, a sashe na 24, ta haramta yi wa yaro zane ko tsaga, da tarar da ba ta wuce naira 5,000 ba ko ɗaurin da bai wuce wata ɗaya ba, ko duka biyun. Kaduna ta yi tata dokar kare yara a 2018. Kafin dokokin su iso ma yawancin gidaje sun riga sun daina.

Abin da ba a cika magana a kai ba shi ne abin da ya kashe tsarin biyan, don wanzami bai mutu ba, har gobe yana askin suna da kaciya da ƙaho. Na fi zargin faɗuwar darajar kuɗi. Damin gero dami ne a kowace shekara, in hatsi ya yi tsada ladan wanzami ya tashi da kansa. Kuɗi ba haka suke ba. Mai bayarwa yana tuna abin da ubansa ya bayar, ya ɗan ƙara, ya ga ya yi bajinta, alhali abin ba ya sayen rabin abin da ya saya a da. An canza fam da sule zuwa naira a 1973. Kuɗin Udoji suka shigo hannun ma'aikata a 1975, kaya suka yi tsalle. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya naira. Kowane karo sai kyauta ta tsaya a baya kasuwa ta yi gaba, har ta kai mai zabira ya fara buɗa baki tun a ƙofar gida ya ce ga abin da ake bayarwa yanzu. A gefe guda ga shagon aski na inji ya zo da farashi manne a bango, yara kaza manya kaza, ba ruwansa da ɗan wane.

Sannan sanayyar kanta ta tsinke. Garin ya bazu zuwa Rigasa da Hayin Banki da Rafin Guza da bayansu. Rikicin Fabrairun 2000 da na 2002 suka sa dubban iyalai suka tattara suka haye kogi, wasu kudu wasu arewa, maƙwabtan shekara talatin suka rabu cikin mako guda. Wanda bai san wanda ke zaune a gidan da ke kallon nasa ba, ina zai san ƙarfinsa?

Abin da ya rage na tsohon tsarin, mata ne suka riƙe shi. Kwalliyar da jarfa ke yi ta koma hannun mai lalle, da jan lallenta da baƙin dayis, zanen da ke gogewa cikin mako biyu kuma babu malamin da ya hana. Mai lalle, kamar wanzami, gida take shiga. Tana ganin kujerun falo, tana ganin akwatunan lefe, tana jin hirar ƙawayen amarya awa uku tana sunkuye a kan ƙafa. Ita ma aikinta ba a saye a sayar. Ƙanwata tana karɓar ninkin-ba-ninki a gidan biki a Malali ko Unguwar Rimi a kan abin da take karɓa a layinsu, daren salla kuwa 'yan matan maƙwabta sukan cika tsakar gida, wasu su ba da abin da aka ba su a gida, marayu biyu ba ta taɓa karɓar ko sisinsu ba.

Amma na ce mata, kuma har yanzu ina kan bakana, rabin abin da ake yi yau a sana'arsu ba gadon wanzamin gida ba ne, gadon likitan Kessel ne. Ki ga hoto a Instagram, babu farashi, an ce ki turo saƙo. Kafin a amsa miki an buɗe shafinki an ga wayar da ke hannunki, an ga motar da kika jingina da ita, an tambaye ki unguwa. Mai sayarwa ce ke furta adadin, kafin aiki, bisa abin da ta hango daga nesa. Hangen nesa kuwa yana ƙarya. Matar da ke zaune a babban gida wataƙila 'yar riƙo ce, wayar ta aro ce. Ita ma ƙanwata ta yarda ta taɓa tsuga wa wata kuɗi saboda unguwarta, daga baya ta ji ɗakin masu gadi suke haya.

Da muka kasa daidaitawa sai na kawo mata dabarar masu allura na Amurka: hawa uku a shafin, kowa ta zaɓa da kanta. Na ga kamar wannan ya maido wa mai biya haƙƙin furta adadi, kamar da. Na san akwai haɗari. Kamfanin burodi na Panera ya gwada shagunan biya-abin-da-za-ka-iya daga 2010, na ƙarshensu a Boston ya rufe a 2019 saboda abin da ke shigowa bai riƙe su ba. Na ce mu dai gwada.

Mun gwada daga bayan ƙaramar salla zuwa babba. Abin da ya fito ya ba ta haushi, ni kuma ya ba ni kunya. Matan da ta san ba su da shi, da yawansu hawa na tsakiya suka danna, don ba sa so a rubuta sunansu a layin marasa hali, ko da kwamfuta ce kaɗai za ta gani. Wasu da ta san suna da shi kuwa suka danna na ƙasa daga ɗakin kwanansu, babu mai kallo. Ɗaya daga cikinsu, in ji ta, ita ce wadda a gaban ƙawaye takan zaro sababbin kuɗi ta ƙara mata ba a tambaya ba. Na kwaikwayi hawa-hawan na manta da ƙwaryar. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 dama yawancin biya ya koma tiransifa, ita kuwa tiransifa ba ta da 'yan kallo.

Sai ta kawo tata shawarar. In cire hawa ukun, in yi mata wani gurbi da ita kaɗai ke gani, inda za ta riƙa rubuta abin da ta sani a kan kowane gida: wannan mijinta ya rasa aiki, wannan an sake ta, wannan ɗanta ne ke turo kuɗi daga waje. Manhajar ta riƙa tuna mata. Minti goma ya ishe ni in yi shi, amma na ƙi. Abin da wanzami ya sani yana cikin kansa, ya mutu da shi. Abin da aka zuba a rumbun bayanai yana zaune a wata na'ura a wata ƙasa, ana iya sace shi, ana iya tura shi ga wanda bai kamata ba da kuskuren yatsa ɗaya. Na ce mata akwai ma dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023, kuma babu ɗaya daga cikin matan nan da ta yarda a adana labarin sakinta don a rage mata kuɗin lalle. Ta ce ina da tsoro. Na ce ƙwarai.

Yanzu shafin yana nuna farashi ɗaya tak, na amaren da ba ta sani ba, a fili, kowa ya gani kafin ya kira. Sauran kuwa suna kama rana kawai, gurbin kuɗin ya zauna wayam sai ta je ta dawo ta cike shi da hannunta. Manhajar da farko ƙin karɓa ta yi, don ni da kaina na rubuta mata cewa farashi dole ya fi sifili. Daren babbar salla ƙanwata ta kira ni wajen sha biyu, ina jin hayaniyar yara a bayanta.

"Yaya, abin nan naka ya ƙi shigar da yaran nan biyu. Yana ta nuna min ja."

Na buɗe kwamfuta na goge layin.